Wai ya ake gane asalin kare barbarar yanyawa ta gwajin DNA, kuma har ina za a yarda da takardar?

A Amurka da Ingila da Kanada yanzu ba abun mamaki bane ka ga mutum ya zaro waya yana nuna ma abokinsa sakamakon gwajin DNA na karensa, wai kashi kaza Labrador, kashi kaza Boxer, ɗan kaɗan Chihuahua, saura kuma tarkace. Akasarin masu yin gwajin mutane ne da suka ɗauko kare daga gidajen da ake tara karnukan da aka tsinta a titi ko waɗanda masu su suka gaji da su, kare ne barbarar yanyawa ba a san uwa ba balle uba, shi kuma mai karen yana so ya san wai me da me aka haɗa aka samu wannan halitta mai kunnen wancan da jelar wancan. Kamfanoni suka ga kasuwa suka shigo. Kuɗin yana kamawa daga wajen dala 70 zuwa 200, ya danganta ko asali kawai kake so ko har da binciken cututtukan gado.

Aikin kansa ba wuya. Za ka yi oda a intanet a aiko maka da ɗan kwali, a ciki akwai tsinke mai auduga a kai, sai ka ɗaga leɓen karen ka cusa tsinken tsakanin kunci da dasashi ka yi ta murzawa kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, shi kuma yana ta ƙoƙarin taune abun. Ana so a ce ya ɗan jima bai ci komai ba, kuma bai lashi kwano ɗaya da wani kare ba, don in yawun wancan ya shiga to samfurin ya gurɓata. Ba ma yawun ake nema ba, ƙananan ƙwayoyin fatar cikin baki da audugar ke kankarowa su ne ke ɗauke da DNA ɗin. Ka rufe ka kai gidan waya, bayan sati biyu zuwa huɗu saƙo ya shigo maka ta imel da zane mai launi-launi da kaso-kaso, har da bishiyar zuri'a wai ga kakanni ga iyayen kakanni.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne suna ɗauka a jinin kare akwai wani wuri da aka buga hatimi an rubuta Labrador ko Rottweiler, lab ɗin, wato ɗakin gwajin, karantawa kawai yake yi. Babu wannan wurin. DNA dogon rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, na kare ya kai wajen haruffa biliyan 2.4, an naɗe shi cikin ƙunshi 78 da ake kira kuromosom, 39 daga uwa 39 daga uba, mu mutane 46 gare mu. A 2005 aka fara fitar da cikakken rubutun na kare, a cibiyar Broad da ke jihar Massachusetts ƙarƙashin Kerstin Lindblad-Toh, kuma karyar da aka yi aikin da jininta wata Boxer ce mai suna Tasha. An zaɓe ta ne don abun da ta gada ta wajen uwa da wanda ta gada ta wajen uba kusan iri ɗaya ne saboda yawan haɗa dangi da dangi a irin nasu, hakan ya sa harhaɗa rubutun ya fi sauƙi. Ka riƙe batun haɗa dangin nan, don a kansa duk sana'ar ta tsaya.

Lab ba ya karanta haruffa biliyan 2.4 ɗin duka, zai yi tsada kuma ba buƙata, tunda a mafi yawan wurare rubutun duk karnukan duniya ɗaya ne. Wasu zaɓaɓɓun wurare ake dubawa inda aka san karnuka na saɓawa, wannan yana da A a wurin wancan yana da G. Manyan kamfanonin biyu su ne Wisdom Panel da Embark. Na farkon mallakar Mars ne, eh Mars ɗin da ke yin cakulan Snickers da abincin kare na Pedigree, ya fito a 2007 kuma da farko sai ka je wajen likitan dabbobi an ɗibi jini. Embark kuma wasu 'yan'uwa biyu ne Ryan da Adam Boyko suka kafa a 2015 da haɗin gwiwar makarantar likitancin dabbobi ta jami'ar Cornell, su suna duba wurare sama da 200,000 a kowane samfuri. Wuri ɗaya shi kaɗai ba ya faɗin komai, harafin da ka gani a Boxer za ka iya ganinsa a Poodle. Jerin ne ke magana, wato yadda ɗaruruwan alamomi suka biyo juna a kan kuromosom ɗaya.

Toh me ya sa kowane iri yake da jerin nasa? Saboda ire-iren karnukan nan da ake ji da su ba tsofaffi bane kamar yadda ake zato. Kare ya rabu da kyarkeci ya koma zama da mutum aƙalla shekara 15,000 da suka wuce, kuma tun tale-tale akwai na farauta akwai na kiwo akwai na gadi, amma ba wanda ke riƙe da littafi yana rubuta wa ya haifi wa. Turawan Ingila ne suka ɗauko wannan a ƙarni na 19, an yi gasar nuna karnuka a Newcastle a 1859, aka kafa ƙungiyar Kennel Club a 1873, ta Amurka wato AKC ta biyo baya a 1884. Suka rubuta siffar da kowane iri ya kamata ya kasance, tsayi kaza kunne kaza, daga baya suka rufe littafin rajista, in uwa da uba ba sa ciki to ɗan ma ba ya shiga. Karen nan da muke ce wa Alsatian a Najeriya, wani hafsan sojan doki na Jamus Max von Stephanitz ne ya sayi kare ɗaya a 1899 ya raɗa masa suna Horand ya yi masa rajista a matsayin na farko, daga shi da danginsa aka yi ta haɗawa har aka samu abun da ke gadin gidajen masu kuɗi a Abuja yau.

Shekara ɗari da ɗoriya ana haɗa 'yan tsirarun karnuka da junansu ƙofa a rufe, ai dole jininsu ya zama kusan ɗaya. Wani bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2021 ya duba iri 227 ya gano matsakaicin kusancin jini a cikinsu ya kai kashi 25 cikin 100, kwatankwacin a ce wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya ne suka haifi ɗan. Ga lafiyar karen wannan ba alheri bane, amma ga mai gwaji garaɓasa ce. Tun a 2004 Heidi Parker da Elaine Ostrander da abokan aikinsu a Seattle suka nuna haka, suka ɗauki karnuka 414 daga iri 85, da alamomi 96 kawai kwamfuta ta mayar da kashi 99 cikin 100 nasu ga irinsu daidai.

Amma fa tsantsa kenan. Shi barbarar yanyawa lissafinsa daban. Kowane kamfani yana da rumbu da ya tara samfuran dubban karnuka masu takarda, manyan suna cewa nasu ya haura iri 350. Kwamfuta za ta yanka kowane kuromosom na karenka gunduwa-gunduwa, ta ɗauki kowace gunduwa ta zagaya rumbun tana neman wanda ta fi kama da shi, ta liƙa mata suna, a ƙarshe ta tara ta ce gunduwoyin da suka yi kama da Beagle sun kai kashi kaza. Kamanni ake aunawa kenan, kuma da abun da ke cikin rumbu kawai. Kamar mutumin da bai taɓa jin wata Hausa ba sai ta Kano da ta Zariya da ta Sakkwato, ka kawo masa Ba'are daga Dogondutsi ya yi magana, zai ce maka Basakkwace ne, kuma ba ƙarya ya shirya ba, a cikin ukun da ya sani ita ta fi kusa. Haka kwamfutar take, in irin kakan karenka ba ya cikin rumbu ba lallai ta ce ban sani ba, tana iya miƙo maka wanda ya fi kusa. Shi ya sa kare ɗaya za a aika samfurinsa kamfani uku a samu amsa uku, rumbunsu ba ɗaya ba, lissafinsu ba ɗaya ba, kuma kowa na ɓoye nasa tunda sirrin kasuwa ne.

Sai kuma nisan zuri'a. Uba tsantsa yana ba ɗansa rabi cif, kashi 50, a nan kam kamfanin kirki ba ya cika kuskure, don kuromosom 39 ne sukutum suka zo daga iri ɗaya. Kaka kashi 25 ne a matsakaici, uban kaka 12.5, na sama da shi 6.25. Na ce a matsakaici don daga kaka zuwa sama abun rabo ne, kafin uwa ta miƙa wa ɗa kuromosom sai na uwarta da na ubanta sun yi musanyar gunduwa tsakaninsu, kowane kwikwiyo da irin cakuɗar da ya samu, wani ya kwaso kashi 30 na kaka ɗan'uwansa ya tashi da 20. Kuma duk haihuwa gunduwoyin suna ƙara gajercewa, gajeruwar gunduwa kuwa tana iya kama da iri biyar a lokaci guda. Ni a ganina duk abun da ya kai kashi 25 zuwa sama a takardar kamfani mai mutunci ka yarda da shi, tsakanin 10 da 25 ka ce mai yiwuwa, amma kashi 2 na Chihuahua da kashi 1 na wani iri da ba ka taɓa jin sunansa ba, wannan nishaɗi ne kawai. Embark su in abun ya yi ƙanƙanta sai su tattara shi wuri ɗaya su sa masa Supermutt, suna gaya maka cakuɗa ce ta da can da ba za su iya rarrabewa ba, kuma hakan ya fi min gaskiya a kan a jero maka iri goma sha biyar da kashi ɗai-ɗai don ka ji kuɗinka bai tafi a banza ba. Bishiyar zuri'ar ma da suke zanawa kwamfuta ce ta ƙiyasta wadda ta fi dacewa da lissafin, ba wanda ya ga kakannin da idonsa.

Wani abu da duk wanda ya taɓa ganin karya lokacin barbara ya sani, ba kare ɗaya ke bin ta ba, kuma ciki ɗaya na iya ɗaukar 'ya'yan uba biyu ko uku. Don haka in mutum biyu suka ɗauki kwikwiyo daga ciki ɗaya suka yi gwaji aka ce wannan rabinsa Husky ne wancan ko ɗigo babu, ba lallai lab ne ya yi shirme ba. Akwai kuma ire-iren da tsatsonsu ɗaya ba su daɗe da rabuwa ba, irin su American Pit Bull Terrier da American Staffordshire Terrier, a nan kwamfuta takan ba wannan kason wancan.

Ƙorafin da aka fi ji daga masu karnuka shi ne ai bai yi kama da abun da aka rubuta ba, baƙin kare ne mai gajeren gashi an ce rabinsa Golden Retriever ne. A nan kuma yawanci ido ne ya yi kuskure. 'Yan ƙwayoyin gado kaɗan ne ke juya siffar kare. A 2009 an gano guda uku kacal ne ke bayanin mafi yawan nau'o'in gashi, tsayinsa da murɗewarsa da kaurinsa mai zuwa da gemu da gira. Dogon gashi sai ɗan ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka kafin ya fito, launin zinaren ma haka, shi ya sa ɗan Golden da wani kare yakan fito baƙi wuluk mai gajeren gashi kowa ya rantse Labrador ne. Gajerun ƙafafu irin na Dachshund da Corgi su kuma ko daga gefe ɗaya aka gada suna iya nunawa, sai ka ga kare da jinin Dachshund bai wuce kashi 12 a jikinsa ba amma abun da ido ke fara gani kenan. John Paul Scott da John Fuller sun nuna wannan tun kafin a san gwajin DNA, a Bar Harbor ta jihar Maine suka haɗa Basenji da Cocker Spaniel, 'ya'yan suka fito ba su yi kama da uwa ba ba su yi kama da uba ba, jikokin kuwa kowa da launinsa da kamanninsa.

An auna idon ma'aikatan da kullum suna cikin karnuka ma an ga bai fi na kowa ba. Victoria Voith a 2009 ta gwada sunan da gidajen tara karnuka suka liƙa wa wasu karnuka da abun da DNA ya nuna, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai sunan ya dace da irin da ya rinjaya. A Florida a 2015 aka duba karnuka 120, ma'aikata suka ce 62 daga ciki pit bull ne, DNA ya ce 25, ko da yake gwajin wancan lokacin shi ma bai kai na yanzu ba. Wannan ba ƙaramin abu bane a can, don karen da aka rubuta wa pit bull a ƙofar keji yakan daɗe ba a ɗauke shi ba, masu gidajen haya da yawa ba sa yarda a shigo da shi, wasu garuruwan sun haramta shi gaba ɗaya, wani ƙarshensa a yi masa allurar mutuwa. A Birtaniya dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta haramta iri huɗu, pit bull da Tosa na Japan da Dogo Argentino da Fila Brasileiro, daga baya aka ƙara XL Bully wanda daga 1 ga Fabrairu 2024 laifi ne ka riƙe shi a Ingila da Wales ba takardar izini. Abun da ya ɗaure min kai shi ne dokar ba ruwanta da DNA, jami'i ne zai zo da tef ya auna tsayi ya duba faɗin kai da ƙirji, in ya yi kama to shi ne, ko da takardar lab ta ce wani abu daban.

Duk wannan maganar kamfanin da ya yi aikin da gaske ce fa. Babu hukumar da ke tantance gwajin DNA na dabbobin gida a Amurka yadda ake sa ido a kan na mutane. A 2024 wata 'yar jarida ta tashar talabijin ta WBZ a Boston ta goga tsinken a bakinta ita kanta ta aika wa kamfanoni uku a matsayin samfurin kare. Biyu suka ce samfurin bai yi ba, ba su samu abun aunawa ba. Na ukun, wani kamfani a Toronto, ya aiko mata da sakamako tsaf, kashi 40 Alaskan Malamute, kashi 35 Shar-Pei, kashi 25 Labrador. A shekarar dai masu bincike na jami'ar Colorado suka fitar da nasu, sun aika samfuran karnuka 12 tsantsa masu takarda zuwa kamfanoni shida, rabinsu aka haɗa da hoton wani kare daban da gangan. Akasarin kamfanonin suka gane irin daidai ba su kula hoton ba, amma ɗaya amsoshinsa suka kauce har da alamar hoton ya ja shi. In kamfani ya matsa sai ka turo hoton karen kafin sakamako ya fito, ka yi hattara.

Mutane da yawa hali suke son sani, zai yi cizo, zai yi gadi, zai zauna da yara lafiya. A 2022 Kathleen Morrill da Elinor Karlsson suka fitar da babban bincike a mujallar Science, sun tara bayanai a kan karnuka 18,385 daga masu su, sun karanta DNA na 2,155, suka gano iri yana bayanin kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Akwai inda iri ke ɗan nunawa, kamar saurin bin umarni da Border Collie suka yi fice a kai, amma batun saurin tunzura, iri kusan bai gaya maka komai. Karen da aka ɗaure da sarƙa a rana tun yana ƙarami yara na jifansa, takardar da ke cewa rabinsa Labrador ne ba za ta hana shi cizo ba.

Ɓangaren lafiya shi ne ke da amfani na gaske, shi ne kuma ya fi haɗari. Akwai wata tawaya da ake kira MDR1 da Katrina Mealey ta gano a jami'ar jihar Washington a 2001, karen da ke da ita jikinsa ba ya iya tare wasu magunguna su shiga ƙwaƙwalwa, in aka ba shi ivermectin da yawa irin awon da ake yi wa ƙazuwa sai rawar jiki da makanta da suma, wani har mutuwa. Kusan 7 cikin 10 na Collie suna ɗauke da ita, Australian Shepherd wajen rabi, Alsatian ma akwai 'yan kaɗan. Gauraye na iya gadonta ba tare da ya yi kama da Collie ko kaɗan ba, kuma kowa ya san yadda a wajenmu ake sayo ivermectin a shagon maganin dabbobi a tsira wa kare da ka ba awo. Irin wannan sanin yana ceton rai. Amma ga ɗaya gefen, a 2018 Lisa Moses da Steve Niemi da Karlsson ɗin dai suka ba da labari a mujallar Nature na wata Pug 'yar shekara 13 da ta fara kasa tafiya ta kasa riƙe fitsari, masu ita suka sayi gwajin dala 65, ya nuna tana da alamar wata cutar laka da ba ta da magani, sai suka sa aka yi mata allurar mutuwa. Alhali a cewar marubutan mai yiwuwa 1 cikin 100 ne kawai na karnukan da ke da alamar ke kamuwa da cutar, kuma abun da ke damunta yana iya zama ciwon baya ne da ake magancewa. Alama a takarda ɗaukar ta ake a kai wa likita ya duba.

Toh karen gida fa, jan nan siriri mai tsayayyen kunne da lanƙwasasshiyar jela da ke bin mafarauta ko yake kwance bakin mahauta yana jiran ƙashi? Da yawa suna ɗauka shi ma gauraye ne, ragowar karnukan Turawa da suka cakuɗe suka lalace. Adam Boyko ɗin nan na Embark da wannan tambaya ya fara suna, a 2009 shi da abokan aikinsa suka fitar da bincike a kan karnukan ƙauye 318 daga Masar da Uganda da Namibiya, suka gano akasarinsu tsatsonsu na nan ne, ba daga irin Turawa suka fito ba, sai a wasu wurare kamar tsakiyar Namibiya aka ga jinin Turai da yawa. Karnukan titin Puerto Rico da aka gwada su da su kuwa, su ne gaurayen Turai na gaske. Abun dariya ma Rhodesian Ridgeback da Pharaoh Hound da ake tallata su a matsayin na Afirka, jininsu ya fi kusa da na waje. Ana ƙiyasta kusan uku cikin huɗu na karnukan duniya irin waɗannan masu yawo ne, kuma zuri'arsu ta girmi littafin Kennel Club da dubban shekaru, don haka tambayar wane iri da wane iri aka haɗa ba ta ma hau kansu ba. Kamfanin da ke da samfuran su a rumbu zai rubuto maka karen ƙauyen Afirka ta Yamma ne, wanda ba shi da su kuma sai ya jero maka sunaye barkatai da kaso ƙanana-ƙanana, ka zauna kana mamakin ta ina karen Gumel ya haɗa jini da na Siberiya.

Wasu ma daga cikin ire-iren nan masu takardar rajista, asalinsu karnukan gida ne da aka ɗiba aka kai Turai aka rufe masu littafi. Basenji da ba ya haushi karen farautar ƙauyukan Kwango ne, kuma da jininsa ya ƙuntata a Amurka cututtukan gado suka yi yawa sai da aka koma Kwango a ƙarshen shekarun 1980 aka ɗebo sababbi daga ƙauye, AKC ta buɗe masu littafi a 1990. Azawak kuma, dogon siririn karen nan na Buzaye mai tseren barewa da zomo, sunan yankin da ke tsakanin Nijar da Mali ya ci, yankin da shanun Azawak ma suka samo suna, AKC ba ta kammala amincewa da shi ba sai a 2019, alhali a rugagen wajen Abalak da Cintabaradan ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda.

Inda nake ganin gwajin zai yi wa mutum amfani a Najeriya shi ne wajen masu sayen kwikwiyo da tsada, an ce maka Alsatian ne ko Rottweiler ko Boerboel tsantsa ka biya, ya yi wata takwas kunne ya ƙi tsayawa jiki ya ƙi cika. Gwajin kamfanin kirki zai gaya maka ko rabinsa karen gida ne, don irin wannan babban kason ba ya ɓuya, sai dai ka lissafa dala da kuɗin aikawa waje, wani lokacin ya kusa kuɗin kwikwiyon, kuma in ba a yi masa allurar haukar kare ba tukuna to ita ce gaba da komai. In kuma rigimar ita ce wai wannan ƙaton da aka nuna maka a keji shi ne uban ko ba shi bane, wannan wani gwaji ne daban, na tabbatar da uwa da uba, ana ɗaukar samfurin ɗan da na uwar da na wanda ake cewa uban ne a jera, ba ruwansa da rumbu ko ƙiyasi, kuma ya fi wancan tabbas nesa ba kusa ba. Irinsa AKC da kanta take amfani da shi wajen rajista. Takardar kamfani da ta ce karenka kashi 100 Alsatian ne ba za ta sa su shigar da shi littafinsu ba in uwarsa da ubansa ba sa ciki.